Asabar a bakin pisin, Yamai

Hazon jiya ya zubar da ƙura a ruwan pisin, wato wurin wanka da nake koyar da iyo, don haka atisayen ƙarfe 7 ya koma ƙarfe 10. Sai da aka wanke matatar yashi, aka juya ruwan baya har ya fito garau. Gwaji ya nuna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, 7.9 ne, ya yi sama. A haka kulorin, maganin tsabtace ruwa, ba ya cin ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. An zuba maganin saukar da shi kaɗan-kaɗan, famfo na aiki, har ya dawo 7.4. Kulorin kuwa tsakanin miligiram 1 da 3 a kowace lita ake so. Mai horarwa da bai iya karanta ruwansa ba, kullum yaransa na fama da jan ido da ciwon kunne.

Sababbin yau yaran Gamkalle ne da Saga, a kogi suka koyi iyo. Ba su tsoron ruwa, ƙarfi kuma akwai. Matsalarsu ɗaya: kai a sama. Da zarar kai ya ɗaga, ƙugu ya nutse, jiki ya zama birki. Na sa su riƙe bango, fuska cikin ruwa, su fitar da iska ta hanci, sannan su juya kai gefe su shaƙa, kunne ɗaya na cikin ruwa. Manyan sun yi mita 50 sau 8, hutun daƙiƙa 20 tsakani. Wanda ya riƙe numfashi maimakon ya fitar, tun a na huɗu yake haki.

Da la'asar aka koma ƙwallon ruwa, kuma a nan wannan aibin nasu ya zama riba, domin ɗan wasa da kai a sama yake iyo, ƙwallo na gabansa tsakanin hannaye. 'Yan wasa 7 ne kowane ɓangare har da gola, zubi 4 na minti 8. Ba a taka ƙasa, kuma in ba gola ba, babu mai kama ƙwallo da hannu biyu. Saboda haka wasan a ƙafa yake. Don mutum ya tsaya a ruwa bai nutse ba, gwiwoyi a buɗe kamar mai zaune kan kujera, ƙafa ɗaya na zagayawa ciki, ɗayar na biye da ita, ba tare ba. In suka tafi tare, mutum ya riƙa tsalle yana nutsewa, jifarsa ba ta da ƙarfi.

Sun yi wannan zagayen ƙafa na daƙiƙa 30 hannu sama, sau 6. Wani ya ce, "Malam, a ba mu jarkar lita 5 mu ɗaga." Na hana. Sai bayan wata guda, don gwiwar da ba ta saba ba nan da nan take ciwo ta ciki.

Litinin za a ɗauki lokacin kowa a mita 50, in ba a ɗauke wuta famfo ya tsaya ba.