Hayar shekara biyu da muka yi asara a bayan firamare

Mai unguwa ya amince, liman ya sa albarka, hakimi ma ya ce Allah ya taimaka. Da ƙarfin wannan muka biya hayar shekara biyu ta wani gida a Gusau, don mu buɗe wurin kwantar da samarin da ƙwaya ta kama. Ni ma'aikacin jinya ne, na gaji da ganin iyaye suna ɗaukar yaro har asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a jihar Sakkwato, ga hanyar Talata Mafara yadda ta koma.

Fenti bai gama bushewa ba takardar koke ta isa ƙaramar hukuma, rabi sa hannu, rabi dangwale. Mata ne suka haɗa ta, daga Islamiyyar matan aure. Mazan da suka yi mana fatan alheri duk suka yi gum, mai unguwa ya daina ɗaukar wayata.

Ƙofar gidan tana kallon lungun da 'yan firamare ke bi. Dillali kullum da la'asar yake kai mu, lokacin lungun shiru. Ranar da na tsaya wurin da azahar, an tashi makaranta, sai na ga dakalin gidan namu nan ne mazaunin mai awara. Yara sun yi dandazo, an jibge jakunkuna jikin ƙofar, wata 'yar aji ɗaya tana leƙen tsakar gida ta kafar makulli. Har yau in na tuna dillalin nan raina ɓaci yake, don ya san da haka sarai.

Aka kira zama a ajin makarantar. Na tashi da takarduna, na karanto binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018, cewa mutum miliyan 14.3 ke shan ƙwaya a Najeriya. Ko a jikinsu. Abin da ke ransu shi ne gidan gyaran halin nan na Rigasa a Kaduna, inda 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 a 2019, wasu da mari a ƙafa. Na rantse ba mari, ba duka, akwai likita da mai gadi. Wata dattijuwa ta gyara mayafi ta ce, "Ɗana, ba mu ce kai mugu ne ba. Amma ranar da guda ya haura katanga, kai zai fara tararwa ko jikata?" Wata ta ƙara da cewa masu sayar da ƙwaya suna bin abokan cinikinsu duk inda aka kai su. Wannan gaskiya ce, na gani a wurin aiki.

Sai dai akwai kemis a bakin titin unguwar, kowa ya san abin da ake miƙowa ta ƙarƙashin kanta. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, tiramol kuwa sai da takardar likita. Ban ga an tara dangwale a kansa ba.

In za ka buɗe irin wannan wuri, je ka tsaya ƙofar gidan lokacin tashin makaranta kafin ka ba kowa sisi. Ka ga hedimasta, ka nemi malamar Islamiyya ta haɗa ka da iyaye mata. Amincewar maza a ƙofar masallaci ba ta shiga cikin gida. Kuma a rubuta a yarjejeniya cewa in unguwa ta ƙi, za a mayar da kuɗi.

Mun nemi mu toshe ƙofar mu fasa wata ta baya, mai gidan ya ce ba a taɓa masa katanga. Kuɗin kuma ya ce ya riga ya sa su a gona. Muka kwashe gadajenmu zuwa bayan gari. Hayarmu ba ta ƙare ba ya zuba buhunan masara a gidan.