Shekara ashirin a bayan katanga: yadda Sudan ta gina fasaharta, da inda ginin ya tsage

Duk mai shago a kasuwar Gadarif ko Kasala ko Maiurno ya san tambayar da mai saye ke yi bayan an gama ciniki: "Kash ko Bankak?", wato tsabar kuɗi ko turawa ta manhajar banki a waya. Tambayar nan ta samo asali tun watan Nuwamba na 1997, lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki. Tun 1993 ƙasar na cikin jerin waɗanda Amurka ke zargi da tallafa wa ta'addanci. A shekarun takunkumin, Visa da Mastercard ba su aiki, PayPal ba ya karɓar ɗan Sudan, manhajoji da yawa kuma da sun ga adireshin intanet na Sudan sai su rufe ƙofa. Bankunan waje ma suka ja baya, musamman bayan tarar kusan dala biliyan 9 da aka ci bankin BNP Paribas na Faransa a 2014.

Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Babban Bankin Sudan da bankunan ƙasar suka kafa kamfanin EBS, wanda ya zama mahaɗar da kowane banki ke bi ya gaisa da ɗan'uwansa. Ta nan katin wani banki ke ciro kuɗi a na'urar wani bankin, ta nan ake sayen wutar lantarki, ta nan na'urorin biyan kuɗi na shaguna ke aiki. Ana biyan kuɗin hidimar da fam ɗin Sudan, ba a neman dala, kuma injiniyoyin gida ne ke gyara idan ta lalace. Bankin Khartum ya fito da manhajar da ta zama Bankak, Bankin Faisal ya yi Fawry, Bankin Omdurman ya yi Okash. Da Uber bai shigo ba, Tirhal ya cike gurbin a titunan Khartum. Da a ce ƙofa a buɗe take, da wuya waɗannan su yi ƙarfin da suka yi, domin manyan kamfanonin waje kan shanye ƙananan gida tun suna rarrafe.

An ɗage takunkumin a Oktoba 2017, an cire ƙasar daga jerin ta'addanci a Disamba 2020, amma ginin da aka yi a lokacin kulle bai sauya siffa ba. Kafin yaƙin 2023, kusan komai a Khartum yake: cibiyar EBS, ɗakunan ajiyar bayanai na bankuna, zuciyar layukan Zain da MTN da Sudani. A wasu ƙasashe banki kan ajiye kwafin bayanansa a wata cibiya mai nisa, har a wata ƙasa. Takunkumi ya sa hakan ya yi wuya, sabo kuma ya sa ba a gaggauta gyarawa ba bayan an ɗage shi.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, EBS ta tsaya. Aika kuɗi daga wani banki zuwa wani ya yanke, katunan ATM suka zama roba. Bankak ta farfaɗo ta ci gaba, saboda kuɗin da ke tashi daga asusun Bankin Khartum zuwa wani asusun na bankin ba ya buƙatar mahaɗa, a cikin littafin banki ɗaya yake yawo. Shi ya sa jama'a suka yi tururuwa zuwa gare ta. Ta ceci mutane da yawa daga yunwa, wannan ba abin musu ba ne. Amma yanzu kasuwa ta rataya a igiya ɗaya, kuma ranar da manhajar ta yi nauyi, mai tumatur ma sai ya zauna jira. A Fabrairu 2024 layukan waya uku suka ɗauke gaba ɗaya, sai da aka sake haɗa su daga Bur Sudan. Mai kuɗi a asusu ya koma biyan kuɗin sa'a a wajen mai Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan'adam, don kawai ya tura abin cefane, ga kuma kason da masu canza Bankak zuwa tsabar kuɗi ke yanka idan kash ya yi wuya.

Akwai wata illar da ba a cika magana a kanta ba. Shekarun kulle sun koya wa mutane karɓar manhaja daga hannun mai gyaran waya, ko ta Bluetooth, ko ta WhatsApp, da amfani da Windows na sata da VPN na kyauta, wato manhajar da ke sa a ga kamar daga wata ƙasa kake shiga intanet. Manhajar da aka samo ta haka ba ta sabunta kanta, kuma ba ka da hanyar sanin ko an cusa mata wani abu. Idan ta banki ce, kana iya miƙa lambar sirrinka ga ɓarawo da hannunka. A sauke ta daga Play Store ko shafin bankin kawai, a duba sunan wanda ya wallafa ta. A kashe VPN kafin a buɗe ta, don wasu tsare-tsaren banki kan ɗauki shigowa daga baƙon adireshi a matsayin abin zargi.

Sai ish'ari na jabu, wato hoton shaidar biya da ake ƙirƙira da manhajar bogi. Launi iri ɗaya, sunanka daidai, adadi daidai, kuɗi kuwa babu. Hoton da ke wayar mai saye ba hujja ba ne ko kaɗan. Ka buɗe taka manhajar, ka shiga jerin mu'amaloli, ka ga kuɗin ya shigo, ka gwada lambar mu'amalar da wadda ya nuna maka, sannan ka miƙa kaya. Masu wannan sana'a sun fi kai farmaki lokacin da layi ke rawa da yamma, shago ya cika, suna cewa "zai shigo yanzu, Alhaji".

Ga ɗan kasuwa, asusu biyu a bankuna biyu ya fi, da layi biyu na kamfanoni daban. Layin da banki ke turo lambar tabbatarwa a kansa kada ya zama na yaron shago ko na wani ɗan'uwa da ya tafi Jidda. Ya kasance da sunanka da lambarka ta ƙasa, domin idan waya ta ɓata, da shi za a dawo maka da asusun. A kuma rubuta lambar asusun a takarda, a ajiye ta a gida.