Ciwon kan da ba a kwana da shi a gida

Aikin duba marasa lafiya a Gombe ya koya mini cewa tsananin ciwon kai ba shi ne ma'auni ba. Abin da nake tambaya shi ne yadda ya fara, da abin da ya zo tare da shi, da kuma ko mutum ya saba yin irinsa.

Yawancinsa mai sauƙi ne. Akwai wanda ke ɗaure kai ta kowane ɓangare kamar an matse rawani, na gajiya da rashin barci da ƙishirwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Akwai na ɓarin kai, mai sara, da tashin zuciya da ƙin haske, wanda kan ɗauki awa 4 zuwa kwana 3. Babba zai iya shan farasitamol mai miligiram 500 ƙwaya biyu, ya bar tazarar awa 6, kada ya wuce ƙwaya takwas a kwana ɗaya, don hanta ce ke biyan kuɗin. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko juna biyu ya nisanci ibuprofen da diclofenac, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin.

Inda na fi ganin ɓarna shi ne maganin kemis na kullum. Wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 in mai haɗe da sinadarin kafeyin ne, irin wanda ke cikin kofi, maganin da kansa kan koma shi ke jawo ciwon. Da ya sake shi sai kan ya dawo, sai ya ƙara. Irin wannan janye maganin ake yi da shawarar likita, kuma kwanakin farko da wuya.

In da zazzaɓi, magana ta canja. Gwajin maleriya na ɗigon jini ba ya wuce minti 20, a yi shi kafin a sha magani. Amma daga hunturu zuwa saukar damina, sanƙarau nake fara kawowa a rai. Nakan sa mutum ya kwanta rigingine in ɗaga kansa a hankali. In wuya ya ƙage, haɓa ta kasa taɓa ƙirji, ga amai ko ruɗewa, asibiti za a nufa a wannan awar, don sanƙarau na iya kisa cikin kwana guda. A jariri ba lalle wuya ya ƙage ba, madiga ce ke kumbura, ya ƙi nono. Zazzaɓi da ciwon kan da suka ƙi jin maganin maleriya kuwa, a wannan yanki namu, musamman ɓangaren Bauchi, dole a tuna da zazzaɓin Lassa.

Mai ciki da ta wuce sati 20 ta ce kanta na sarawa, idonta na dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura, ba na jiran komai sai awon hawan jini. Daga 140 bisa 90 zuwa sama alama ce ta abin da ke kai wa ga jijjiga, kuma yana iya zuwa ko bayan haihuwa. Hawan jini a sauran mutane, akasin abin da ake faɗa, galibi ba ya sa ciwon kai. Awo kaɗai ke nuna shi.

Ciwon da ya faɗo farat ɗaya, ya kai ƙarshen tsanani cikin minti guda, na iya zama jini ne ya tsinke a cikin kai. Haka wanda ya zo da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, ko farfaɗiya. Wanda ya faɗi daga babur ya tashi garau, bayan awanni ya fara amai da yawan barci, shi ma kada a ce a bari ya huta. Waɗannan sai babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, inda za a iya duba ko ana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa. Sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50 ma a duba shi, ko da ba tsanani.

In kuma mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri a tare, a nemi janareta ko kaskon gawayi da aka kwana da shi, don hayaƙinsu guba ne. A fitar da kowa waje, a buɗe tagogi, a kai su asibiti ko sun ce sun ji sauƙi.