Tsamo feftayid masu sikari daga ruwan jini da garin silika mai ƙofofi

Idan tirifsin, sinadarin da ke yanka furotin, ya daddatsa furotin ɗin ruwan jini zuwa gutsattsari da ake kira feftayid, waɗanda ke ɗauke da sarƙar sikari 'yan kaɗan ne, kuma a na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari sauran feftayid kan danne su har a rasa alamarsu. Shi ya sa muke tsamo su tukuna. A ɗakin gwajinmu a Kano muna aiki da silika mai ƙofofi masu faɗin nanomita 2 zuwa 4, wadda aka lulluɓe a kan ƙwayar ƙarfe mai bin maganaɗisu, aka shafe cikin ƙofofin da sinadari mai son ruwa. Ƙofofin kamar rariya suke: feftayid ya shige, babban furotin irin albumin ya tsaya a waje.

Daddatsa furotin ɗin ba shi da wani sabon abu. DTT (mai warware ƙullin furotin) milimola 10 a digiri 56, IAA (mai hana ƙullin komawa) milimola 20 a duhu na minti 30, sai tirifsin kashi 1 ga furotin kashi 50 a digiri 37 har awa 16, a busar. Kwanan dare ne, don haka na'urar ɗumama samfur tana kan inbata ko da an ɗauke wuta.

Inda aikin yake shi ne ruwan lodi. Miligiram 1 na garin muke zubawa cikin maikurolita 200 na asitonaitiril kashi 85 cikin ɗari da asid ɗin TFA kashi 1, tare da busasshen samfurin, a girgiza minti 30. Ɗan ruwan da ke ciki kan taru ya yi siririn shimfiɗa a jikin ƙofofin, sikarin ya nutse a ciki, TFA kuma ya rufe cajin sauran feftayid don kada su maƙale. A ja garin da maganaɗisu, a wanke sau uku da ruwan lodin, a saki feftayid ɗin da suka maƙale da asitonaitiril kashi 30. Idan asitonaitiril na ruwan lodi ya yi ƙasa, abin da ake nema ya bi ruwan wanki. Idan ya haura 90, tarkace su maƙale tare da abin da ake nema. A zafin Afrilu, kwalbar da aka bari a buɗe kan rasa asitonaitiril kafin ruwa, lissafin ya sauya ba a sani ba. Kullum sabo muke haɗawa, murfi a rufe. Lokacin hunturu kuma ƙura ke kawo keratin, furotin ɗin fata da gashi, cikin samfur.

Busarwa ba da zafi ba, domin asid da zafi tare suna tsinke sinadarin siyalik daga ƙarshen sarƙar sikarin.

Masu son gwada MOF, wani gari mai ƙofofi, a madadin silika su duba jimirinsa kafin su saya: cikin nau'o'insa, ZIF-8 kan narke a asid, UiO-66 yana jure asid amma fosfet na lalata shi.

Kafin mu taɓa ruwan jini, sai garin ya nuna zai iya fito da feftayid ɗin HRP (furotin tsiro mai sikari) daga cikin BSA (albumin na shanu) mai yawa. Sai dai kada a gwada PNGase F, sinadarin da ke yanke sarƙar sikari daga feftayid, a kan HRP, domin sikarin fukos da ke gindin sarƙar sikarin tsirrai yana hana shi yanka. IgG, furotin ɗin garkuwar jikin ɗan Adam, ake sa wa. Yankan kan ƙara dalton 0.984 a kan asfarajin, amino asid ɗin da sikarin ke manne a kai, amma doguwar jiƙa a pH 8 ma tana haifar da wannan ƙarin. Saboda haka duk wurin da bai bi tsarin N-X-S/T ba, wato jerin amino asid ɗin da irin wannan sikari ke zama a kai, muna cire shi, wanda ya bi kuma muna tabbatar da shi da ruwa mai iskar oksijin-18.