Oreksin: sinadarin da ke tsare ƙwayar jijiya, ya kuma sa ƙwayar sankara ta kashe kanta

A can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a sashen da ake kira haifotalamus, akwai wani rukunin ƙwayoyin jijiya da yawansu a jikin mutum bai wuce dubu 50 zuwa dubu 80 ba. Su ne ke haɗa oreksin. Ayari biyu ne suka gano shi a 1998 a Amurka, kowanne da kansa: na Masashi Yanagisawa da Takeshi Sakurai a Dallas, da na Luis de Lecea da Gregor Sutcliffe a Kalifoniya. Iri biyu ne. Oreksin-A yana da amino asid 33, oreksin-B yana da 28, kuma daga furotin guda ake yanko su. Makarɓansu, wato furotin da suke zama a kai a jikin ƙwayar halitta don isar da saƙo, su ma biyu ne, OX1R da OX2R. Na farkon ya fi karɓar oreksin-A, na biyun kuwa ba ya bambancewa. Babban aikin oreksin shi ne riƙe mutum a farke.

Kafin a shiga batun cuta, sai an fahimci cewa mutuwar ƙwayar halitta ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ke zuwa kamar faɗuwar katangar ƙasa a ruwan Agusta: ƙwayar ta kumbura, ta fashe, abin cikinta ya watsu, wurin ya yi kumburi. Akwai kuma afoftosis, wadda ta fi kama da magini ya sauke ɗaki a tsanake, ya ware azara da kwano don a sake amfani da su. A nan ƙwayar da kanta take tsukewa, ta daddatsa DNA ɗinta, maƙwabta su haɗiye ɓaraguzan ba tare da kumburi ba. Sankara tana samun gindin zama ne idan ƙwaya ta daina amsa wannan umarni.

A 2004 ayarin Marc Laburthe a Faransa ya nuna cewa idan aka zuba oreksin a kan ƙwayoyin sankarar babban hanji da ake reno a ɗakin gwaji, sai su shiga afoftosis. Daga baya suka bi diddigin matakan. Oreksin ya zauna a kan OX1R, furotin Gq ya rabu, wani ɓangarensa ya tayar da enzayim na dangin Src. Shi kuma ya maƙala fosfet a wurare biyu na makarɓin, tairosin na 83 da na 358. Wannan ne ke janyo wani enzayim mai suna SHP-2. Daga nan p38 ta motsa, furotin Bax ya koma jikin mitokondiriya, wato tashar makamashin ƙwayar, ya huda ta, saitokurom c ya zubo, enzayim masu daddatsa ƙwaya, kasfes-3 da kasfes-7, su ƙarasa aikin. Idan aka canza tairosin na 83, ko aka toshe SHP-2, ƙwayar ba ta mutuwa, alhali kalsiyam yana ci gaba da tashi a cikinta kamar yadda aka saba. Wato hanyar kisan daban take da hanyar kalsiyam da oreksin ke bi ya tayar da jijiya.

Abin da ya fi ɗaukar hankali ya zo a 2011. An duba ƙarin sankarar hanji 38 da aka ciro daga majinyata, da wasu 10 da suka bazu zuwa hanta, aka sami OX1R a dukkansu, amma babu shi a lafiyayyen fatar cikin hanji. Ƙwayoyin da suka riga suka bijire wa maganin sankara na 5-FU su ma oreksin ya kashe su, kuma a jikin ɓeraye ƙarin ya ragu sosai. A 2018 aka sami makamancin haka a sankarar fankiriyas, gaɓar cikin da ke haɗa insulin. Har ma almoreksant, maganin da aka ƙera don ya toshe makarɓin, shi ma ya kunna hanyar SHP-2 ɗin duk da ya rufe ta kalsiyam.

To amma a ƙwaƙwalwa labarin juyewa yake. A gwaje-gwajen ɓeraye da aka toshe wa jijiyar jini don kwaikwayon shanyewar ɓarin jiki, oreksin-A ya rage yawan ƙwayoyin da ke mutuwa, ta hanyoyin Akt da ERK masu ƙarfafa ƙwaya ta rayu. Sinadari ɗaya, sakamako biyu. Abin da ke yanke hukunci shi ne wane makarɓi ne a wurin, waɗanne furotin ne ke jira a bayansa, da kuma yawan abin da aka zuba. Wannan na ƙarshen shi ne inda masu karanta rahoto da gaggawa suke tuntuɓe. A gwajin sankara akan zuba kusan maikiromola 1 na tsawon kwana biyu, abin da ya ninka wanda ke yawo a jinin mutum sau dubbai. Ga kuma matsalar sinadaran gano makarɓai irin wannan, waɗanda sukan kama furotin da ba shi ake nema ba, shi ya sa ake son a tabbatar da sakamako ta hanyar RNA. Sannan raguwar yawan ƙwayoyi a faranti ba shi ne afoftosis ba. Sai an nuna shi da aneksin V ko kasfes-3 da ya tashi, domin wataƙila rabuwa kawai suka daina. A ganina, duk wanda ya ce oreksin maganin sankara ne a yau ya riga malam masallaci. Ba a tabbatar da haka a jikin mutane ba.

Inda hujja ta yi ƙarfi a kan mutum shi ne mutuwar ƙwayoyin oreksin ɗin su kansu. A 2000 aka nuna cewa masu nakolefsi, ciwon da ke sa barci ya riƙa kwashe mutum da rana ba shiri, sun rasa kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari na waɗannan ƙwayoyi, maƙwabtansu kuma suna nan lafiya. Shaidu sun fi karkata ga cewa garkuwar jiki ce ke kai musu hari: kusan duk masu nau'in farko na cutar suna ɗauke da wata ƙwayar gado ta garkuwar jiki mai suna HLA-DQB1*06:02, kuma a 2018 an sami ƙwayoyin garkuwar jiki na T masu farautar oreksin a jininsu. A cutar Fakinsin mai sa makyarkyatar jiki ma ƙwayoyin suna raguwa yayin da ciwon ke tsananta.

A Gombe ko Bauchi, ba da sunan nakolefsi ake kawo irin wannan yaro asibiti ba. Ɗalibi ne da ke gyangyaɗi a aji kullum ana ce masa rago, ko matashin da gwiwoyinsa ke saki ya zube idan aka yi abin dariya a majalisa, yana jin duk abin da ake faɗa. Sai a ce farfaɗiya ce ko iska. Dannau mai yawan dawowa da mafarki mai kama da ido biyu sukan biyo baya. Alamar da ta fi rarrabewa ita ce hankalinsa ba ya gushewa, kuma dariya ko mamaki ne ke jawo faɗuwar. Wannan ba ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa ba ne. Ana tabbatarwa da gwajin barci na dare da na rana, ko a auna oreksin-A a ruwan laka: fikogiram 110 a mililita ko ƙasa da haka. Wanda ake zargi da ita ya nemi likitan jijiya a asibitin koyarwa na Gombe ko na ATBU a Bauchi, kuma ya ajiye tuƙin babur da keke Napep tukuna.

Magungunan da ke toshe makarɓan oreksin sun shiga kasuwa don rashin barci: suvorexant a 2014, lemborexant a 2019, daridorexant a 2022. An hana ba mai nakolefsi su, tunda ɗan abin da ya rage masa za su toshe. Ba a kuma yarda a sha su don sankara ba. Masu tayar da OX2R, waɗanda ake fata su maye gurbin abin da aka rasa, sun sha tangarɗa: an dakatar da gwajin maganin TAK-994 a 2021 saboda ya taɓa hanta, aka koma kan TAK-861.

Game da sankarar hanji kuwa, mai ganin jini a bayan gida da ramewa, musamman idan ya haura shekara 40, kada ya tsaya a kan cewa basir ne ya yi ta shan jiƙo. Duba hanji da na'ura, tiyata da kemo su ne abin da ke hannu yanzu, kuma sun fi aiki idan ƙarin bai kai hanta ba.