Ƙwayoyin Treg a jinin wanda aka yi wa dashen ƙoda: abin da awo ke faɗi da inda yake yaudara

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani rukuni da aikinsa shi ne tsawatar wa 'yan uwansa idan sun zaƙe wajen kai farmaki. Ana kiran su Treg, kuma suna cikin dangin fararen ƙwayoyin da ake kira ƙwayoyin T. Shimon Sakaguchi na Japan ne ya gane su a 1995 ta alamar CD25, wani furotin da ke bisa fatar ƙwayar, sannan a 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gado ta FOXP3 da ke tafiyar da su. Su ukun suka sami kyautar Nobel ta likitanci a 2025. A jinin mai lafiya, Treg kan kai kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na ƙwayoyin T masu alamar CD4.

Dalilin da ya sa likitocin dashen ƙoda suka damu da su a fili yake. Jiki na ɗaukar sabuwar ƙoda a matsayin baƙuwa, don haka majiyyaci ke shan maganin danne garkuwa har iyakar rayuwarsa, tare da illolinsa: ciwon suga, kamuwa da cututtuka, kansar fata, da lahanin da takrolimus, ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, ke yi wa ƙodar da kansa. Da a ce adadin Treg zai nuna wanda jikinsa ya yi sulhu da ƙodar, da an rage masa magani. Har yanzu awon bai kai wannan matsayi ba, kuma matsalar tun daga ɗakin gwaji take farawa.

Ana ɗibar jinin a kwalba mai hefarin ko EDTA, sinadaran da ke hana jini daskarewa, a yi aiki da shi cikin awa 24. Ana rina ƙwayoyin da sinadaran da ke manne wa alamomin CD3, CD4, CD25 da CD127 da ke bisa fatarsu, sai a huda fatar ƙwayar a rina FOXP3, domin shi a cikin cibiyar ƙwaya yake. Injin fulo-saitomita ne ke ƙirga su da hasken lesa. Treg ita ce mai CD25 da yawa, CD127 kaɗan, kuma tana ɗauke da FOXP3. A sa rini mai ware matattun ƙwayoyi, domin matacciya kan kama kowane rini ta kumbura lissafi.

Tarko na farko shi ne basiliksimab, maganin danne garkuwa da ake bayarwa lokacin dashe. Ana ba da miligiram 20 ranar tiyata, wani 20 a rana ta huɗu, kuma yana toshe CD25 tsawon mako huɗu zuwa shida. Wanda ya auna a wannan tsakani da CD25 zai ga kamar Treg sun ɓace, alhali maganin ne ya rufe alamar. A lokacin sai a dogara da FOXP3 da ƙarancin CD127.

Na biyu ya fi wahala. A ɗan Adam, ƙwayar T mai kai farmaki ma kan fito da FOXP3 na ɗan lokaci idan ta harzuƙa. Ke nan a daidai lokacin da jiki ke ƙin ƙodar, adadin ƙwayoyin da ke ɗauke da FOXP3 na iya hawa. Shi ya sa ake ƙara wata alamar, CD45RA, a raba su gida uku, kamar yadda Miyara da abokan aikinsa suka tsara a 2009. Rukunin da ba shi da CD45RA kuma FOXP3 ɗinsa kaɗan ne, galibinsa ba ya danne komai. Hanya mafi tabbas ita ce duba wani yanki na FOXP3 mai suna TSDR, wanda a Treg ta ainihi ba shi da tambarin metil, wata alamar sinadari da ke rufe ƙwayar gado. A nan ma a kula da jinsi: FOXP3 na kan kuromosom X ne, mace kuma tana da biyu, ɗaya a kulle, don haka sai an gyara lissafinta.

Kaso cikin ɗari shi kaɗai ba ya wadatarwa. Bayan allurar ATG, maganin da ke kashe ƙwayoyin T, ƙwayoyin CD4 kan rushe, kason Treg ya yi sama alhali ainihin yawansu a kowace maikrolita ta jini ya faɗi. A rubuta duka biyun, tare da sunan maganin da majiyyacin ke sha. Takrolimus da saiklosforin suna hana samar da IL-2, abincin da Treg ke rayuwa a kansa, don haka suna rage su. Sirolimus da eberolimus sun fi ƙyale su. Kwatanta mai shan wannan da mai shan wancan ba tare da la'akari da haka ba, auna magani ne kawai aka yi.

Irin haka ta faru da ƙwayoyin B, wani rukunin fararen ƙwayoyin jini. A 2010 bincike biyu, na Amurka da na Turai, sun duba tsirarun mutanen da suka daina magani ƙodarsu ta ci gaba da aiki, suka tarar da yawan ƙwayoyin B sababbin fitowa a jininsu fiye da masu shan magani. Daga baya aka nuna cewa wani ɓangare na bambancin ya samo asali ne daga magungunan azatiyofurin da furednisolon da rukunin masu shan magani ke sha.

Yawan Treg ma ba kullum ne alheri ba. Wani bincike a Oxford a 2010 ya danganta yawansu da sake fitowar kansar fata ga waɗanda aka yi wa dashe.

Inda ake da fata shi ne amfani da su a matsayin magani. A gwajin ONE Study da aka wallafa a mujallar Lancet a 2020, an raino ƙwayoyin tsawatarwa a ɗakin gwaji, aka ɗura wa majiyyatan da suka karɓi ƙoda daga mai rai. Ƙin ƙodar bai bambanta sosai da na masu magani na yau da kullum ba, cututtukan bairos sun ragu, wasu kuma sun koma shan takrolimus kaɗai. Mutanen ba su da yawa, shi ya sa ake ci gaba da gwaje-gwaje, har da na Treg da aka sauya wa halitta don su gane alamar HLA-A2 da ke jikin ƙodar.

A asibiti dai, ko a Landan ko a asibitin koyarwa na Aminu Kano, abin da ake yanke hukunci da shi shi ne kiriyatinin, awon jini da ke nuna aikin ƙoda, furotin a fitsari, matakin takrolimus kafin shan kashi na gaba, sinadaran kariya masu adawa da alamomin HLA na wanda ya ba da ƙodar, da tsokar da aka tsakuro daga ƙodar idan ana zargin ƙi. Takardar sakamakon Treg, komai kyanta, ba ta ba majiyyaci izinin tsallake ko da ƙwaya ɗaya ta maganinsa ba.