Hurricane ɗina da ƙurar hunturu: inda aka kwana bayan mako tara

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon haɗa samfurin jirage. Yau mako tara ke nan da buɗe kwalin nan, na ga ya kamata in faɗa muku inda aka kwana.

Ga wanda bai ji farkon zancen ba, jirgin yaƙin Ingila ne, Hawker Hurricane nau'in Mk.IIC mai manyan bindigogi huɗu a fukafukai, a ma'aunin 1:24. Wato santimita ɗaya a kan teburina santimita 24 ce a jikin jirgin gaske. Faɗin fukafukan na gaske mita 12.19 ne, saboda haka nawa ya kusa santimita 51, daga hanci zuwa jela kuma wajen 41. Duk waɗanda na haɗa a baya 'yan 1:72 ne, masu zama a tafin hannu. Wannan kuwa ranar da na shimfiɗa fukafukansa sai da na kwashe duk abin da ke kan teburin.

An tambaye ni me ya sa ban ɗauki Spitfire ba, wani jirgin yaƙin Ingila na zamaninsa, tunda shi ya fi suna. Dalilina Kano ne. Bayan Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Yuni 1940, kai jirage Masar ta tekun Bahar Rum ya zama kasada. Sai Ingila ta koma loda su a manyan akwatuna, jirgin ruwa ya kai su Takoradi ta ƙasar Ghana ta yanzu, a haɗa su a can, sannan su taso su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu, su ratsa Sudan ta El Fasher da Khartum har Masar. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, kuma yawanci jirgin Blenheim ne ke shiga gaba yana nuna hanya, su Hurricane na biye. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Ashe su ma a kwali suka zo, a guntu-guntu, kuma sun sha irin ƙurar da muke sha. Wannan ya sa nake jin jirgin kamar baƙon da ya taɓa kwana a gidanmu.

Makon farko ban taɓa gam ba. Na wanke sassan duka da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka don cire maiƙon da ke biyo su daga masana'anta, na bar su suka bushe a cikin ɗaki. Kada ku shanya su a rana, ko ku bar kwalin a mota da tsakar rana. Roba ce, zafin Katsina zai iya lanƙwasa fiffike, kuma in ya lanƙwashe miƙe shi wahala ne.

Mazaunin matuƙi shi ya cinye mini mako uku, ban kuwa yi da-na-sani ba. A nan ne mutum zai gane yadda Sydney Camm ya tsara jirgin nan, wanda ya fara tashi ranar 6 ga Nuwamba 1935. Ƙashin jikinsa bututun ƙarfe ne da aka harhaɗa kamar tankar rumfa, kuma wurin matuƙi ba shi da daɓe sam. 'Yan faranti biyu ne kawai inda zai ɗora dugadugansa, in ya duba ƙasa cikin jirgin yake gani. A ƙaramin ma'auni duk wannan ɓuya yake yi, ka shafa kore ka rufe, shi ke nan. A 1:24 kuwa kowane bututu a fili yake, har ɗan layin da ke bin tsawonsa, inda rabi biyu na mazubin roba suka haɗu. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kankarewa da bayan reza. Bututun na shafa musu ruwan azurfa, bango kuma kore mai toka-toka. Agogunan gaban matuƙi, bayan na manna hotunansu, na ɗiga wa kowanne ɗigon banish mai ƙyalli da tsinken sakace. Da ya bushe, in ka karkata shi wajen taga sai ka ga haske ya gilma a kai tamkar gilashi. Bel ɗin kujera da salatif na takarda na yanka shi, maɗauransa kuma da siririyar wayar da na zare daga tsohuwar cajar waya.

Mutum-mutumin matuƙin na bar shi a kwali. Ba na ajiye irinsu a ɗaki, kuma ko ba don haka ba, da ya zauna zai rufe aikin mako uku.

Injin ban daɗe a kansa ba. Merlin XX ne na Rolls-Royce, mai silinda 12. Na fente shi baƙi, na goga ɗan azurfa a gefuna da busasshen buroshi, na ƙara wayoyin fulogi. Murfi ɗaya kawai zan bari a buɗe.

Haɗa ɓari biyu na gangar jiki shi ne abin da nake tsoro tun farko. Gam ɗin roba ba manne yake yi ba, narkar da bakin robar yake yi su zama abu guda. Saboda haka ba a lafta shi. Haɗa ɓarin biyu ake yi, a taɓa bakin tsagar da buroshin gam mai ruwa-ruwa, shi da kansa zai bi layin. In ka matsa kaɗan za ka ga wani siririn narkakken roba ya ɓullo. Bar shi ya kwana, shi ne zai cike maka tsagar. Na ɗaure da robar kuɗi da maƙalan shanya. Inda ya rage rami a ƙarƙashin hanci, wajen da babbar matatar iska take haɗuwa da ciki, na sa fila, na bi da sanfefa 400, sai 600, sai 1000, ina jiƙa ta da ruwa.

Bayan jirgin ne ke buƙatar hattara. Daga bayan matuƙi zuwa jela, Hurricane ba ƙarfe ne ya rufe shi ba, yadin lilin ne aka ɗame a kan siraran katakai, shi ya sa yake da layi-layi kamar haƙarƙari. In ka saki hannu da sanfefa sai ka shafe su, kuma ba sa dawowa. Na liƙa salatif hagu da dama, na bar tsagar kaɗai a buɗe, faɗin da bai wuce milimita 3 ba, sannan na goga.

To, sai fenti. A nan ne hunturu ya karanta mini karatun da ba na jin zan manta.

Launukan hamada na zaɓa, irin na jiragen Ingila a Arewacin Afirka daga 1941: ƙasa mai duhu da ruwan rairayi a sama, shuɗi mai haske a ƙarƙashinsa. A jikin kwalabe za ku ga an rubuta Dark Earth, Middle Stone da Azure Blue. Fentin share fage ya hau lafiya. Ranar wata Asabar bayan la'asar, hazo ya rufe gari har ba a hango hasumiyar Gobarau sosai, na kunna kwamfiresa na fesa shuɗin ciki yadda na saba gani a bidiyo, iska mai ƙarfi, hannu nesa da jirgi. Ina gamawa na shafa da bayan yatsa, sai na ji kamar sanfefa. Na haska fitilar waya daga gefe. Fiffiken gaba ɗaya ya yi tsaki-tsaki, ga wasu siraran zarurruka kwance cikin fentin, ɗaya ma ya naɗe kamar ƙugiya daidai bakin ramin taya. Raina ya ɓaci ƙwarai a daren nan.

Washegari na ɗauki fiffiken a leda na tafi wajen wani dattijo mai fentin mota a wajajen Ƙofar Ƙaura. Da tsohuwar zuma ake magani. Ya karɓa ya jujjuya, ya shafa da babban yatsa.

"Ɗana, da yaushe ka fesa wannan?"

"Bayan la'asar, Baba."

"A wannan iskar? Ai fentinka tun a hanya ya bushe, gari ne ya sauka a kai. Ka sassauta shi, ka rage iska, ka matso kusa. Kuma ka yayyafa wa ɗakin ruwa kafin ka fara. Mu nan da sassafe muke feshi in hunturu ya kama."

Bai taɓa haɗa samfurin jirgi ba, amma maganarsa ta zauna daram. Masu bidiyon da muke koyo a wajensu galibi suna ƙasashe masu laima ne. Mu kuwa a watannin nan iskarmu ta bushe ƙayau, wadda ke tsaga leɓe da kaushin ƙafa, kuma fentin ruwa da ke fitowa daga bakin bindigar feshi mai milimita 0.3 ba ya jure mata ko na ɗan taƙi. Akwai kuma wani abu da na lura da shi daga baya: in ka goge roba da busasshen ƙyalle a wannan yanayi, wani ɗan cajin lantarki take ɗauka, ta riƙa jawo ƙura da kanta, kamar yadda biro ke ɗaukar guntun takarda in an goga shi a gashi. Gogewar da na yi don tsafta ita ta kira zarurrukan.

Na sauke fentin da sanfefa 1000 da 2000 cikin ruwa, kwana biyu ina yi. Ga tsarin da na koma bi, kuma har yau bai ba ni kunya ba. Tun da dare nake share ɗakin in rufe taga. Bayan sallar asuba in yayyafa ruwa a ƙasa, in jira kamar minti 15. Jirgin in shafe shi da ƙyalle mai ɗan danshi. Fenti kashi ɗaya, tina kashi biyu, da ɗigo biyu na ruwan da ke jinkirta bushewa. Iska na sauke ta zuwa wajen 15 a agogon kwamfiresa, hannuna kuma bai wuce santimita 8 daga jikin jirgi ba. Shafi uku sirara sun fi guda mai kauri. Ina gamawa sai in kifa masa babban bahon wanki, in tokare gefe ɗaya da murfin kwalba don iska ta ɗan zaga, sannan in buɗe taga ɗakin ya sha iska. Takunkumi kuwa dole ne, kuma ba a yi da yara a kusa. Ɗan ƙanwata da ke liƙe da ni kullum yana cewa "Kawu, yaushe zai tashi?" sai an gama yake shigowa. Yana tuna mini lokacin da muke fafe kara muna yin mota da jirgi, shi ya sa na ware masa ɗan ƙarami na 1:72 yana koyo da buroshi.

Rabe launukan sama ya zo da sauƙi. Na fara da mai haske, na zana taswirar a takarda na yanka, na ɗora ta a kan 'yan dunƙulen salatif yadda za ta ɗan ɗago daga jiki. Hakan ke sa bakin launin ya fito da laushi kaɗan, ba kamar an yanka da wuƙa ba.

Kafin tambura sai da na fesa banish mai ƙyalli. Dalili shi ne fenti marar ƙyalli yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, iska ta maƙale a ƙarƙashin tambarin, in ya bushe sai gefensa ya yi fari-fari kamar azurfa. Manyan da'irorin fiffike sun kai wajen santimita 5, kuma a wannan iskar kafin ka gyara musu zama sun fara kamawa. Sai na riƙa jiƙa wurin sosai tukuna, in zame tambarin daga takardarsa, in daidaita da jiƙaƙƙen buroshi, sannan in mirgina audugar goge kunne daga tsakiya zuwa baki. Gilashin saman matuƙi da farin gam na kafintoci na kafa shi. Kada ku kusance shi da sufa gulu, tururinsa yana sa gilashin ya yi hazo.

Yanzu ina kan tsufar da shi, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi mini daɗi. Matatar nan da ke ƙarƙashin hancinsa, wadda ake kira Vokes, an ƙara ta ne don kada yashi ya shiga inji ya cinye shi, ko da yake tana rage wa jirgin gudu. Jirgin da ya sauka Kano da Maiduguri ba zai isa Masar fes ba. Na tsaya na ƙare wa motocin haya da ke shigowa daga Jibiya da Daura kallo, don in ga inda ƙura take zama da gaske. Ba ko'ina take kwanciya daidai ba. Tana taruwa a lungu, a bayan taya, a bakin kowane murfi, wurin da hannu ke yawan taɓawa kuma ya fi tsafta. Sai na ɗebo ƙurar da ta taru a dokin tagar ɗakina, na tankaɗe ta da tsohon ɗankwali mai shara-shara har ta yi laushin hoda, na gauraya da garin alli mai ruwan ƙasa. Da ƙaramin buroshi na zuba ta a ramukan taya, da gindin fiffike inda matuƙi ke takawa, da bakin matatar, na ɗiga tina kaɗan ta kama. Hayaƙin salansa kuma na ja shi baya da baƙi da ruwan toka, ya ɗan lanƙwasa ƙasa yadda iska ke bin jikin jirgi.

Fiffiken hagu na gama, na dama ban taɓa ba tukuna, ina so in kwana biyu ina kallonsu tare don in tabbatar ban cika hannu ba. Saura farfela, da ƙafafu, da wayar eriya wadda zan ja daga narkakken guntun roba, sai banish marar ƙyalli na ƙarshe. Ƙafafun ne ke ɗan damuna, domin jirgin ya yi nauyi, ina tunanin huda su in zura siririyar waya a ciki kafin in ɗora shi a kansu. Wanda ya taɓa yin haka a wannan ma'auni, don Allah ya faɗa mini kaurin wayar da ya sa. In Allah ya kai mu Asabar mai zuwa, da asuba zan fesa wa hular farfelar jan fenti.